Baba Ma'auni da Layi Ukun da Ya Ƙi Fesawa

Kafin ƙarfe bakwai ya rataye jakarsa a ƙusar bayan ƙofar sito, ya zura takalman roba, ya nufi gonar gwaji. Sau uku a rana yake duba ma'aunin zafi, ya rubuta a littafi da guntun fensirin da ke maƙale a kunnensa. Shekara talatin da ɗaya yana wannan aiki a cibiyar binciken hatsi, har sunansa na yanka ya ɓace, kowa sai Baba Ma'auni. Mai ɗakinsa kan tsokane shi da cewa ko shayi aka miƙa masa sai ya faɗi digirinsa kafin ya kurɓa.

Shi ne kuma mai feshi. Akwai maganin da ake fesa wa alkama don karan ya gajarce ya yi kauri, kada iska ta kwantar da ita idan zangarniya ta yi nauyi. Baba ya daɗe da sanin halinsa: in aka fesa shi ana tsananin zafi, shukar da ke fama da ƙishirwa sai ta tsumbure, zangarniya ta fito ba ƙwaya.

Bara abin ya faru. Akwai wani irin alkama da aka yi shekara goma sha ɗaya ana tacewa, kuma duk abin da ake da shi an shuka a fili ɗaya. Ranar feshi ta zo, zafi ya kusa digiri arba'in. Baba ya sami sabon shugaban sashe a ofis.

"Ranka ya daɗe, a ɗaga mana kwana huɗu. Ganyen nan tun hantsi ya naɗe."

"Baba, jadawali ne fa. Ni ma daga sama ake matsa mini."

"Ai jadawalin bai shiga rana ba, ni na shiga."

"A fesa yau kawai."

Ya goya tanki ya fesa. Direban tarakta ya ce ya hango shi yana tafe yana share ido da hannun riga. Da ya iso layi ukun ƙarshe sai ya rufe famfo, ya koma ofis ya faɗa da bakinsa cewa bai fesa musu ba. Aka ba shi takardar tuhuma, ta farko a tsawon aikinsa. Ya ninke ta ya sa a aljihu, bai ci abinci ba ranar.

Da girbi ya zo, duk zangarniyar da ka murza a tafin hannu sai ƙaiƙayi. Layi ukun nan ne suka ba da rabin buhu, da shi irin ya tsira. Rahoton yabon ceto irin ya fito da sunan mutum shida, na Baba ba ya ciki. Kwafin takardar tuhumar kuwa yana nan a fayil ɗinsa, ba wanda ya tuna ya cire shi. Ni da muka yi aiki tare, wannan abu yana ci mini rai har yau.

Watan jiya ya yi ritaya, yanar ido ta hana shi ganin siririn layin ma'auni. Abin da ya roƙa kawai shi ne cikin tafi ɗaya na irin, ya shuka a tsofaffin bokitan fenti a bayan gida.

Baba, kai ne ka san kukan ganye kafin ya bushe. Kai ne ka bi umarni yana ƙona maka zuciya, ka tsaya inda ya kamata a tsaya, ba ka kuma ɓoye ba. Mun gode, Allah ya saka maka da alheri, ya haskaka idanunka. Ku kuma masu jadawali, in mai goyon tanki ya ce a dakata, ku fito rana ku duba tukuna.

Na ziyarce shi da azahar shekaranjiya. Na tarar da shi a tsugune gaban bokitan, yana shafa ganye da bayan hannu.

"Yau kada su fesa," ya ce.

'Yarsa ta dube ni, ta yi ƙasa da murya. "Kullum sai ya faɗa. Waya tana gefensa tun safe, ba wanda ya kira daga cibiyar."