Yamusa da 'Yan Rakiya

A bayan tashar Utako, ƙarƙashin matakalar wani bene, akwai tebur mai ƙafa uku, ta huɗun bulo ce. Nan ne ofishin Yamusa mai gyaran kwamfuta. Ni cajar waya nake sayarwa a gefensa, shekara shida ke nan ina kallonsa kyauta.

Ɗan manomin doya ne daga Yangoji. Ya ce ubansa bai taɓa shigar da iri gona ba sai ya kakkaɓe ƙasar jikinsa, don ƙasar gonar wani da tsutsar gonar wani take zuwa. Yamusa ya bar fartanya, amma bai bar kakkaɓa ba. In zai sabunta manhaja, kwamfuta kan jero wasu manhajojin da za su biyo ta. 'Yan rakiya yake kiransu, kuma sai ya karanta sunan kowa, yatsa a kan gilashi.

Wata Laraba Malama Rukayyat, shugabar wata ƙaramar firamare, ta sauko daga tasi rungume da tsohuwar kwamfutar makaranta, direba na biye da firinta. Tambayoyin jarrabawa sun ƙi buɗewa, ga jarrabawa gobe da safe.

Yamusa ya duba, ya ce manhajar rubutu ce ta tsufa. Da ya nemi sabuwa, kwamfuta ta jero masa 'yan rakiya ɗari biyu da sha huɗu.

"Oga, danna kawai!" in ji Malama. "Ko sai ka tambayi kakanninsu?"

"Madam, mutum ɗaya muka gayyata, shi ya kwaso ƙauyensu." Yatsa ya yi ta gangara, ya tsaya can ƙasa. "Kin gani? In sun shigo za su kori mutum uku. Wannan na tsakiya, shi ne yake magana da firintarki. In ya tafi, gobe alli za ki riƙe."

Malama ta nemi kujera.

Ya rubuta wa kwamfuta umarni: ta kawo wanda aka kira da waɗanda ba ya tsayuwa sai da su, na firinta kuwa kada a taɓa shi. Tara suka shigo.

Tambayoyi suka buɗe. Firinta ta yi tari irin na tsohon direban tirela, ta tofo shafin farko. Malama ta ɗauka tana bi layi-layi da yatsa.

"Madam, ki tafi mana," in ji Yamusa. "Ko sai kin tambayi kakanninsu?"

Ko kai ba ta ɗaga ba. "Yi mini shiru, ban kai ƙasa ba."