Saƙon Bayan Asuba

Shekarar da tashar Adjamé ta yi tsit saboda harbe-harbe, azumi biyu bayan na dawo daga Makka, a ita na rasa ɗana. Zazzaɓi ne. Kwana biyar.

Ni ban yi boko ba, amma na haifi wanda ya yi. Shi ya tsara wa wani kamfanin motocin safa na unguwar Treichville na'urar sayar da tikiti. Ya taɓa yi mini bayani, na kuwa gane sarai, ba a maimaita mini magana. Wai babbar na'urar tana da wani aljihu da suke kira dosiye. Duk sanda aka kunna ta sai ta leƙa ciki, kowane guntun aiki ta tarar ta ɗauka ta yi, ba ta tambayar wa ya ajiye. Na ce ashe tukunyar biki ce, abin da aka zuba shi take dafawa. Ya yi dariya har da tari.

A nan ya jefa wani guntun aiki nawa, mai aiko mini da saƙo. Kullum bayan asuba wayata ta yi ƙara. Matar mahaucin da muke haya tare ita ta fara karanta mini: "Inna, kin sha maganinki?" Daga baya ba na neman mai karatu, na san kamannin rubutun.

Aka binne ɗana, washegari saƙon ya zo. Na'ura ba ta san an yi rasuwa ba. Wata bakwai ina shan magani da umarnin yaron da ke kabari, ban gaya wa kowa ba.

Ran nan wayar ta yi shiru. Kwana uku na daure, rana ta huɗu na ɗaura zanena na fita kunya na nufi ofishin kamfanin. Wanda ya gaji aikin ɗana ɗan Hausawa ne, amma Faransanci ya cinye masa harshe. Ya ce shara ya yi wa dosiyen, ya ga wani abu da bai shafi tikiti ba, ya goge. Da ya fahimci abin da ya goge sai idonsa ya cicciko.

"Hajiya, yanzun nan zan rubuta wani, kalma da kalma."

Na ce, "Bar shi, ɗan nan. Ba ɗana ne zai aiko ba."

Ban yi kuka a gabansa ba, sai a cikin mota.

Mai kamfanin ya rasu, mahaucin ma. Cikin waɗanda suka san zancen, saura matar mahaucin da ta koma garin Grand-Bassam, da wanda ya yi sharar, da yake zuwa gaishe ni duk sallah, sai ni.