Ranar da muka rina awaki

Ina goyon 'yar fari lokacin da zazzaɓi ya kwantar da ni, na tashi nono ya ƙafe ƙaf. Abin da ya riƙe ran yarinyar nan wata farar akuya ce ta surukata, mai taurin kai da satar gero, wadda na sha jifanta da muciya kafin in san ita za ta zama uwar goyona. Safe da yamma nake tatsarta, in ɗura wa jaririyar da ɗan ludayi.

Ana cikin haka mai shela ya zagaya ƙauyenmu na kwarin Tama, ya ce umarnin kumandan ne, Baturen mulkin yankinmu: duk akuyar da ba ja ba a yanka ta kafin damina. Wai kamfanin Turawa mai sayen fata jar fata kawai yake so, sauran awakin suna ɓata iri. Na ɗauka wasa ne. Tun da nake ban taɓa jin hukuma ta shiga launin dabba ba. Masu sarauta da dillalan kamfanin kuwa tuni garkensu ya zama ja zalla, sun ji labarin kafin mu. Talaka shi ke da fara da baƙa da dabbare-dabbare, ja kuma ta yi tsadar da ko tayawa ba ma iya yi.

Surukata mace ce da ba ta iya shiru. Ta tara mata a gindin rijiya ta ce, “Ja suka so? To, mu ba su ja har shi ishe su!”

Aka karɓo karan dafi wajen dukawa, wanda suke rina fata da shi, aka dafa a manyan tukwane da ruwan toka. Ba don ɓoyewa muka yi ba, ko makaho ya san rini ne. So muke kumandan ya ga wautar dokarsa da idonsa, ya ji kunya. Muka rina awaki, muka rina jakin mai unguwa, wata tsohuwa har zakaranta ta tsoma. Farar tamu ta fito kamar amarya, tana atishawa. Hannuwanmu suka yi jawur har gwiwa.

Ranar kasuwar Buza kumandan ya zo rangadi daga Madawa. Muka koro dabbobin ta tsakiyar kasuwa, matan wasu ƙauyuka suka haɗu da mu da nasu, mutane suka bar tallarsu suka biyo mu suna shewa. Ni ina gaba, goyo a baya, igiyar akuya a hannu.

Abin da na gani a rumfar masauki shi ya fara kashe mini jiki. Kujera ɗaya ce a wurin, kuma ba kumandan ke kanta ba. Baturen kamfani ne zaune, ƙafa kan ƙafa, kumandan kuwa, wanda sarakuna ke tuɓe wa takalmi, yana tsaye a gefensa. Ashe shi ma da mai gidansa.

Da kumandan ya ga jan jakin sai ya fashe da dariya har yana riƙe ciki. Muka ce alhamdu lillahi. Tafinta ya tambayi abin da ke tafe da mu, surukata ta ce, “Ka hwaɗa mai, mu dai kowace akuya Allah ya ba mu muna so. In launi na laihi, ga shi mun gyara.”

A wajenmu mace ba ta nuna ɗan fari a gaban mutane, ko sunansa ba ta kama wa, kunya ce babba. Amma ban san lokacin da na kwance goyon na ɗaga ta sama ba. Na ce, “Ɗiyata ta! Nonon akuyag ga taka sha, ba ni da wani!” Mata suka rufe baki. Surukata ta dube ni, ta matso ta tsaya kusa da ni.

Kumandan ya daina dariya. Na rantse na ga tausayi a fuskarsa, har ya ɗaga hannu kamar zai sallame mu. Sai na kan kujera ya yafito shi da yatsa ɗaya. Ya sunkuya, aka yi masa magana a kunne, ba ta da tsawo.

Tafinta bai iya kallonmu ba. Ya ce, “Kumandan ya ce ya yarda, duk jajaye na. To jar hwata ta kamfani ta. Tunda kun kawo su da kanku, yau za a hiɗe su.”

Kasuwa ta cika da kukan awaki, gardawan kumandan, wato dogaransa, suna fizge igiyoyi. Wanda ya zo kaina ɗan ƙasarmu ne, na san uwarsa. Na ce ya bari in tatse ta, ya juya baya kamar bai ji ba, ya tsaya yana gyaran bindiga. Na durƙusa na tatsa a ƙoƙo, gumi na narkar da rinin, madarar ta fito da ja-ja. Haka yarinyar ta shanye ta tas, ta yi barci.

A bayan masaukin aka yanka su. Naman aka ce mu kwashe, wai alheri ne. Surukata ta tofar da yawu, ta ja hannuna muka kama hanya.

Mun gwada kunu, mun gwada nonon saniya da Fulanin Galma suka riƙa aiko mana saboda Allah, cikin yarinyar ya ƙi karɓa. Wata mai jego ta taimaka, amma nata ma bai ishi nata ɗan ba, shekarar ba ta ƙoshi ba ce.

Karan dafi yana da naci. Na goge da toka, na goge da yashi, ya maƙale a farce da layukan tafin hannu. Bai gama fita ba muka binne yarinyar. Daga ranar ban sake yin lalle ba, ko a bikin 'ya'yan da na haifa daga baya.