Ƙafar Suruki a Ɗakin Sanyi

Duk sabon ma'aikacin da aka kawo mana sai ya tambaye ni dalilin da ya sa muke cusa busasshiyar safa cikin riga, a kan tumbi, kafin mu shiga ɗakin sanyi. To, ku gyara zama. Abin ya samo asali daga wata rana da har gobe ba ta fita raina ba, ranar da Laminu ya rungumi ƙafar surukinsa a gaban jama'a.

Lokacin ban daɗe da zama foman ba a wannan ma'ajiya tamu ta Birnin Masana'antu na Biyu, a nan Riyad. Aikin dai shi ne wanda kuka tarar: tireloli su kawo daskararrun kaji da nama, mu sauke, mu jera a ɗakunan da sanyinsu ya fi na firizar gida nesa ba kusa ba. A waje ranar Riyad na gasa mutum, a ciki numfashinka na daskarewa a gashin baki. Mu kuwa yawancinmu 'yan Maraɗi ne da Damagaram, ƙanƙara a leda kaɗai muka san ta.

A shekarar aka kawo mana mai kula da injinan sanyi, wani dattijo ɗan Ajantina mai suna Ramon, muna ce masa Muhandis, wato injiniya. Gajere ne mai tumbi, yana ɗan ɗingishi, Larabcinsa ya fi nawa karyewa, shi ya sa muke fahimtar juna sarai. Inji aka ɗauke shi ya duba, amma ba abin da ya dame shi kamar ƙafafun mutane.

A wajen shan shayi muka ji dalili. Yana saurayi aka ɗauke shi aikin soja na dole, daga arewacin ƙasarsu, inda ya ce zafinsu bai bar namu da nisa ba. Yana kurtu aka kwashe su zuwa yaƙin tsibiran Falkland, can ƙasan duniya. Ya ce babu bishiya ko ɗaya, sai tumaki da iskar da ba ta hutawa. Aka ce su haƙa ramuka a gefen dutse su jira sojojin Ingila. Kana haƙawa ruwa na ɓuɓɓugowa, ka kwana ka tashi ƙafarka a ciki. Abinci bai cika hawowa dutsen ba, sai dai su lallaɓa su kama tunkiyar mutane. Yakan yi dariya ya ce, "Harsashi bai same ni ba, sadiƙ, abokina, jiƙaƙƙiyar safa ce ta same ni."

Shi ya shawo kan mudir, wato manajanmu, aka kafa mana dokar sojojin: a riƙa shiga biyu-biyu. Kowa ya kalli fuskar abokinsa, don ba mai ganin hancin kansa idan ya fara fari, ya kuma tambaye shi ko yana jin yatsunsa. Da kansa ya haɗa mu. Da ya ji Laminu na auren 'yar Malam Idi, sai ya tafa, ya haɗa su tare. "Dangi! Mumtaz, madalla!"

Na ja shi gefe na ce, "Muhandis, a wajenmu suruki ba ya kallon suruki. Ba sa cin abinci tare. A mota ma ɗaya na gaba, ɗaya na can baya."

Ya dafa ni ya ce, "Ni ma ina tsoron uwar matata. Yalla, a koma aiki!"

Malam Idi shi ne babbanmu, shi ne kuma limaminmu, mutumin Damagaram mai kunya da kawaici. Iƙamarsa, wato takardar izinin zamansa a ƙasar, ta kusa ƙarewa, mudir kuma ya fara maganar tsufa, don haka ko ciwon kai Malam ba ya yarda a ji. Binciken da Laminu ke masa kuwa abin kallo ne. Sai ya tsaya a karkace, idonsa a kan siminti, ya ce, "Baba, lafiya?" Malam ya kalli rufi ya ce, "Lafiya lau." Shi ke nan an gama.

Ranar da abin ya faru cikin watan Yuli ne, tireloli sun yi mana layi har bakin ƙofa. Da azahar Malam ya yi alwala, ya ja mu salla a gurguje, ya zura safa kan ƙafar da ba ta gama bushewa ba, ya koma ciki. Gab da la'asar Muhandis ya hango shi yana tafiya kamar wanda ya aro ƙafa. Nan take ya tsayar da aiki, ya zaunar da shi kan kwali a baranda, ya zare masa takalmi. Yatsun ƙafar hagu sun yi fari fat. Ya mintsine su, Malam bai ko motsa ba.

Wani ya ce a ɗora ƙafar kan simintin waje, rana ta yi aikinta. Wani ya ruga ɗauko butar shayi. Muhandis ya daka tsawa, "La! A'a! Ƙafar da ba ta ji, ƙonewa za ta yi bai sani ba!" Motar da za ta kai shi asibiti ta tafi kasuwar Utaiƙa kai kaya, sai an jira. Muhandis ya waiga ya ce, "Ina abokinsa? Ɗaga riga, sa ƙafar a cikinka."

Laminu ya kalle ni kamar zai yi kuka. "Foman, don girman Allah ka karɓe ni. Ka ba ni tirela guda in sauke ni kaɗai, na yarda."

Malam kuwa har ya miƙa hannu ga takalminsa. "Ku bar shi, ba komai. Kada maganar ta kai ga mudir."

Sai Muhandis ya zauna daɓas a ƙasa, ya cire nasa takalmin na hagu. Babban yatsa ne kawai da na kusa da shi, sauran babu. Ya ce in fassara. A ramin, abokinsa kofur ne, shi kurtu, tsoro ya hana shi cewa ba ya jin ƙafarsa. Da kofur ya gane, sai ya buɗe rigarsa cikin wannan iska ya cusa ƙafafun biyu a cikinsa. Ta dama ta tsira. "Ni na dawo gida da ƙafa," in ji shi, "shi bai dawo ba."

Wallahi sai da idona ya kawo ruwa.

Malam Idi ya saki takalmin. Ya ce, "Laminu, zo." Ba wanda ya taɓa jin sunan nan a bakinsa sai ranar.

Laminu ya durƙusa, ya ɗaga riga, ya juya kansa ga bango, ya manna ƙafar a tumbinsa. Sanyin na taɓa shi ya kwarma, "Wayyo Allah, Baba!" Dariyar da muke riƙewa ta ƙwace. Malam ya zare hularsa ya rufe fuska, amma kafaɗunsa na rawa, shi ma dariyar yake. Can ya fara cije leɓe yana salati, yatsun na masa zugi. Muhandis ya yi ta tafi yana cewa zugin nan shi ne albishir.

A asibiti aka ce an zo a kan kari. Fata ta saɓule, amma ba yatsan da ya rasa. Muhandis ya shiga ofishin mudir ya ce ba tsufa ba ne, rashin tawul ne da safar canji a wurin alwala. Aka sayo, aka kuma sabunta iƙamar Malam. Tun daga nan kowa ke ajiye safar canjinsa a kan tumbi, ta zauna a bushe da ɗuminta. Ranar da Malam ya dawo, bayan ya sallame salla ya juyo ya ce mana goge ƙafa ba ya ɓata alwala, duk wanda ya shiga da jiƙaƙƙiyar safa da shi yake.

Na ce masa, "Malam, in canza maka abokin shiga?"

Ya ce, "Bar min shi. Tumbinsa na da ɗumi."

Har Malam ya koma Damagaram ba su taɓa haɗa kwano ba, a mota ma ɗaya na gaba, ɗaya na baya. Amma a ƙofar ɗakin sanyi Laminu kan ɗaga kai ya kalle shi ido cikin ido ya ce, "Baba, hanci lafiya. Yatsu fa?"

Abin da na koya ke nan game da wannan aiki: sanyi yana kashe jin ciwo kafin ya yi ɓarna, don haka "lafiya lau" ɗin mutum ba hujja ba ce, sai ka duba da idonka. Kunyarmu abu ne mai kyau, amma a bakin ƙofar nan ake ajiye ta, a ɗauka in an fito. Muhandis ya yi ritaya tuni, kofur ɗin kuwa ko sunansa ba mu riƙe ba, ga shi dokarsa na tsare yatsun 'yan Maraɗi a Riyad. Ku shanye shayinku, tirela ta iso. Kowa ya sa safarsa a ciki, ya kalli abokinsa.