Garin Katakon Ba-Ciko

Shekara ashirin da bakwai yana aikin kafinta, ba a taɓa kama shi ya kwaɓa garin katako da gam ya toshe ramin da ƙwaro ya ci, ya shafe da fenti ba. Shi ya sa duk layin ake kiransa Ba-Ciko. In ka kawo masa katako, ba ya tambayar kuɗinsa. Sai ya lanƙwasa ɗan yatsa ya ƙwanƙwasa, ya karkata kunne, ya ce maka, "Wannan cikinsa ya mutu, kai shi murhu." Masu sayar da katako sun tsane shi. Matarsa ta ce ranar da aka kai su ganin gidan haya, sai da ya ƙwanƙwasa har mai gidan.

Abin da ya kai shi ga mota ƙafar Inna ce, mahaifiyarsa. Wani gyambo ne ya ƙi warkewa, duk Talata sai an kai ta asibiti an wanke. A bayan babur ake ɗora ta, ta riƙe rigar ɗan mutane, ƙafar na reto a iska, ta dawo bandejin ya sha ƙura. Ran nan Ba-Ciko ya durƙusa gabanta ya ce, "Inna, kin gama hawa babur." Ya sayar da babban injinsa na goge katako, ya koma gugar hannu.

Akwai wani dillalin motoci da ke zuwa shagonsa duk Asabar da buhu biyu, ya kwashi garin katako kyauta, wai shimfiɗar kajinsa. Shekara shida ana haka, har sunansa ya koma Mai Kaji. Shi ya kawo motar, ruwan toka, tana sheƙi kamar an lashe ta.

Matarsa ta ce, "Baban yara, ka kira bakanike ya duba mana."

Ya ce, "Wannan kunnen fa? Ado ne?"

Ya zagaya motar yana ƙwanƙwasa ta kamar kabad. Ya buɗe ƙofofin nan huɗu ya rufe, kowacce ta zauna daram. Ya danna kujerar baya inda Inna za ta miƙe ƙafa. Mai Kaji ya ja su suka zaga unguwa, giya na shiga sumul, shiru kake ji. Ba-Ciko ya ce lafiyarta ƙalau. Ƙarƙashinta kuwa ko leƙawa bai yi ba, don shi a sana'arsa abin da ya yi amo mai kyau a sama to cikinsa ma lafiya.

Talata biyu Inna ta je asibiti a kishingiɗe, tana ɗaga wa maƙwabta hannu. A ta uku, suna hawan gada, motar ta fara gurnani daga gaba, kamar ana jan zarto a kan ƙusa. Giya ta uku ta ƙi shiga, ta biyu ta fita da kanta. A gefen titi aka sauke Inna, aka tsayar mata da babur.

Bakaniken da aka ja motar wurinsa ya shige ƙarƙashi, ya tara roba, ya kwance notin giyabos, akwatin giyar motar. Mai ya kamata ya zubo. Abin da ya fito sai da aka zaƙulo shi da waya: wani baƙin cuɗaɗɗen abu, yana faɗowa gutsure-gutsure, da wari kamar an ƙona gashi a bakin kwata. Bakanike ya kau da kai ya tofar da yawu.

"Maigida, an yi maka ciko. Haƙoran giyan duk sun cinye. Garin katako suke damawa da giris su ɗura, ya toshe ƙarar na sati biyu."

Ba-Ciko ya tsuguna ya dangwalo abin, ya murza tsakanin yatsu, ya goge a bayan hannunsa. Ƙarƙashin baƙin sai ga ja. A duk layin nan shi kaɗai ke aikin jan katako, sauran fari suke yanka saboda arha. Har siraran murɗaɗɗun ɓawon da magogin hannunsa ke fitarwa ya gani. Ya je bayan garejin ya daɗe yana kakari.

Da ya dawo ya ce, "Ka taɓa ganin kajin Mai Kaji?"

Bakanike ya yi dariya. "Kaji? Mutumin da ke haya a bene?"

Shekara shida. Ba-Ciko ya tsaya yana tunanin buhu biyu duk Asabar, da hannunsa yake riƙe bakin buhun, har yana tambayar lafiyar kajin.

Kuɗin wani giyabos ya fi ƙarfin abin da ya rage masa. Bakanike ya rage murya. "Abin mai sauƙi ne. Kawo min gwangwani biyu na garin nan naka, mai laushin. Jibi ta yi shiru, ka sayar, ka sayi wadda za ta kai tsohuwa asibiti. Kowa haka yake yi. Kai ma sunanka kaɗai zai sayar da ita."

Maganar ƙarshen ce ta fi yi masa wari.

Ya koma shago ya cika gwangwani biyu, ya ajiye a kan benci. Yini guda yana guga yana kallonsu. Da la'asar ya shiga wurin Inna ya gaya mata komai, har da gwangwanayen.

Ta ce, "Wanda zai saya, shi ba shi da uwa?"

Ya fita ya juye su a kwata, ya tara sauran garin shagon ya cinna masa wuta. Ranar Asabar Mai Kaji bai zo ba, bai kuma sake zuwa ba.

Motar tana nan ƙofar shago, ya rubuta a gilashinta da alli: GIYABOS YA MUTU. Masu saye su karanta su wuce. Ya karɓi aikin ƙofofin wata makaranta, ya ce in ya gama guda arba'in da hannu zai sayi giyabos, yanzu yana kan ta goma sha ɗaya. Da hantsi Inna kan sa a buɗe mata bayan motar ta miƙe ƙafa, ta ce ba ta taɓa samun kujera irinta ba.

Ranar Talata kuwa shi da kansa yake ɗora ta a babur. Ya naɗe bandejin da leda, ya ƙwanƙwasa tankin, ya ce wa mai babur ɗin ya bi a hankali.