Turancin da Yaya Ya Kawo daga Lakwaja

Yaya ya dawo Gozaki da kaka, ana tsinkar auduga. Ya daɗe rabonsa da gida, har mun gaji da tambayar fatake labarinsa. Babanmu ma ya rasu ba ya nan. Sai ga shi wata rana da la'asar, ya rame, ya yi baƙi, da wata jar hula da ta yi wa kansa kaɗan. Ashe yana Lakwaja, can bakin Kwara, yana dako a jiragen ruwan Nasara.

Ni har yau da furfura ta cinye mini gemu ban taɓa ganin Bature ba. A lokacin kuwa ko a kasuwar Ƙarfi da wuya ka sami wanda ya gani. Saboda haka zaurenmu ya riƙa cika. Ba labarin jirgi mutane suka fi so ba, so suke ya yi musu Turanci. Ya gyara hula ya yi, a yi ta salati, tsofaffi suna tofar da yawu.

Ni masaƙi ne, kamar babanmu. Yaya yakan zo gindin durumin da nake saƙa ya zauna, wai yana taya ni hira, alhali hana ni aiki yake.

"Kai, ƙanena, harshen nan ba wuya," in ji shi. "Kamar saƙarka ne. Wadari, zaren nan na tsaye, ɗaya ne, ba a taɓa shi. Zaren ƙoshiya da kake gittawa kawai kake sauyawa."

Na ce ban gane ba.

"Riƙe wannan: gib mi. Shi ne ba ni. To duk abin da Allah ya halitta, jefa shi a baya. Gib mi wata, ba ni ruwa. Gib mi faya, ba ni wuta."

"In ban san sunan abin ba fa?"

"Ka nuna da yatsa ka ce dis. Ko raƙumi ne, dis."

Ya koya mini go an, wato je ka. Go an kol, je ka kira. Go an wash, je ka wanke. Sai don, wato kada. Don sit, kada ka zauna. Don tok, kada ka yi magana. Ya ce da waɗannan ya yi shekarunsa a can, kuma ba su taɓa ƙare masa ba, don Nasara kullum a kansu suke ɗora zance, abin da ke baya ne kawai ke sauyawa. Gaskiya abin ya burge ni. Ban yi nisa a allo ba, kullum malaminmu cewa yake kaina dutse ne, sai ga ni ina haɗa maganar mutanen da ban taɓa gani ba. Na shiga gida na ce wa matata, "Gib mi tuwo." Ta ajiye muciya ta ce in aljanu ne suka shafe ni a gindin durumi in faɗa mata tun da wuri. Kafin wata ya mutu yaran unguwa duk sun ɗauka, suna bin awaki suna don, don.

Da aka gama kai dawa rumbu, Yaya ya fito da abin da ke ransa. Akwai ayarin da zai bi ta wajenmu zuwa Bida, zai bi shi ya koma, kuma da ni zai tafi. Ban yi gardama ba. Na gaji da zama wuri ɗaya ina harba ƙafa a masaƙa, kuma tun muna yara duk inda ya sa ƙafa nan nake sa tawa. Matata ta daina yi mini magana sai ta dole. In mun tafi, gona da gida sai su rage ita da Inna, ga Inna yanar ido ta fara rufe mata gani, kaɗi ma da lalube take yi.

Yaya ɗan fari ne. Inna ba ta faɗin sunansa, ba ta kallonsa ido da ido, ba ta yi masa magana kai tsaye. Ranar da ya dawo, bayan duk shekarun nan, abin da ta ce kawai a ba shi ruwa, ta shige ɗaki ta daɗe ba ta fito ba. To wadda ba ta iya ce masa sannu da zuwa ba, yaya za ta buɗe baki ta ce kada ka tafi? Ni kuwa ta san ko ta hana ni, in dai ya kira, zan bi.

Ana saura 'yan kwanaki ayari ya iso, muna tsakar gida da hantsi. Inna na bakin ƙofarta da mazari, matata na tankaɗe, Yaya na ƙara mini karatu da ƙarfi don kowa ya ji. Sai Inna ta yi magana, fuskarta na wajena.

"Auta, tambayi wancan mutumin. In wani ya yi aiki ya gaji, yaya suke ce masa sannu?"

Yaya ya yi dariya. "Gaya mata su ba sa tsayawa gaisuwa. Mutanen aiki ne."

Na gaya mata, duk da ta ji da kunnenta.

"To, madalla. In sun ga mutum bai ci ba fa, yaya suke cewa zo ka ci?"

Ya ɗan yi tunani, leɓensa na motsi. Sai ya daki cinya. "Kam an it! Ka gani? Wadari ɗaya, zare daban."

Na juya wajen Inna da fara'a, ina jin mun ci. Ba ta daina murza mazari ba.

"Tambaye shi, ji ya yi an faɗa masa, ko yanzu ya saƙa ta a nan?"

Matata ta tsayar da rariya. Yaya ya dubi ƙasa.

"Saƙawa na yi," ya ce.

"Ba laifi, ta yi kyau. Saura ɗaya. In mutum ya kwanta ciwo, yaya jiki fa?"

"Akwai wannan," ya ce da sauri. "Hau a yu. Kullum suna yi wa junansu."

"Shi an taɓa yi masa?"

Ban maimaita masa ba, shi ma bai jira ba. Ya cire hular ya riƙe a hannu. Ya ce akwai daminar da zazzaɓi ya kayar da shi a bakin ruwa, ya yi kwanaki bai san inda kansa yake ba. Wata Banufiya mai sayar da kifi ce ta riƙa ba shi kunu, tana tambayarsa jiki da 'yar Hausarta. Da mai kula da 'yan dako ya zo, abin da ya ce masa, go an kari. Je ka ɗauka. Bai taɓa ba mu wannan labari a zaure ba.

Inna ta ciji zare ta tsinke shi.

"Auta, ni tsohuwa ce, ban san Nasara ba. A gidajensu dole suna da sannu, su ma uwa ta haife su. Amma wannan da aka kawo mana, tun kaka nake saurare. Ba ni, je ka, kada ka. Ko jakin gidan nan nakan ce masa sannu in ya dawo daga daji."

Matata ta fashe da dariya har gari ya zube. Yaya ya tashi ya fita, bai ci abincin rana ba. Ni ma haushi na ji, ban san ko na wa ba.

Ranar da ayari ya sauka a zango, na riga na ɗaure kayana, har da sabon takalmin da na sa baduku ya yi mini. Yaya ya tafi ganin madugu tun da safe. Sai azahar ya dawo, ya tsaya a kaina.

"Kwance kayan nan."

"Lafiya, Yaya?"

"Madugun nan ba shi da kirki. Ka ga jakunansa kuwa? Ƙashi da fata. Ba zan bi mutumin da ba ya ciyar da dabba ba. Sai baɗi."

Na je zangon da kaina da yamma. Jakuna ne ƙosassu, sai sheƙi suke. Na dawo gida na kwance kayana.

Da shekara ta zagayo, ya ce an ce hanyar Zazzau ba lafiya. Wadda ta biyo, yana neman aure. Bayan nan matarsa na da ciki, sannan rufin ɗakin Inna ya ruɓe kuma ba ya yarda da aikina. Inna ta rasu a hannunsa, shi ya ɗauke ta zuwa makwanci, na ce to yanzu zai tafi. Bai tafi ba. Bara ma da fatake suka wuce, ya fito yana dogara sanda, ya daɗe yana kallonsu, sannan ya ce mini ruwan bana ya yi yawa, rafuka ba za su ƙetaru ba, mu bari tukuna.