Gulbin da Ba a Sha

Shekarar da ambaliya ta cinye shinkafarmu a Zauro, Baba ya ce ya gaji. Zai sayar da fadamar da ya gada, ya koma Birnin Kebbi sayar da fetur a kwalba. Kakarmu Inna Dije, wadda ta haife shi, ta ci gaba da tankaɗen garinta.

A kwanakin ne Kawu Sani, malamin firamare a Argungu, ya zo da labarin da ya ji a rediyo. Wai akwai wani wata can nesa mai kewaya tauraron Zuhal, koguna na gudu a kansa, amma na mai, ba na ruwa ba. Duwatsunsa ƙanƙara ne, kuma ko ashana ba ta kamawa a can.

"Gulbin mai?" in ji Inna. "To, kihin wurin mi shika sha?"

Muka kwashe da dariya.

Washegari bayan magariba muna kewaye da murhu, Baba na gefe yana cin tuwo, Inna ta gyara zama za ta yi mana tatsuniya, ta ce, "Ga wata nan tahe, ku tare ta."

Wai wani manomi ne ruwa ya yi wa ɓarna, ya yi fushi da gulbi. Shamuwa ta ɗauke shi ta kai shi watan nan na Zuhal. Ya ga gulbin mai iyakar ganinsa, ya cika tulu da ƙwarya, har da hularsa. Sanyi ya kama shi, ya ƙyasta ashana ta ƙi. Ƙishi ya taso, ya durƙusa bakin gulbi, ba halin sha.

"Ya mutu?" na tambaya.

"A'a, ɗiyata. Uwatai ba ta ruhe ƙohwa ba. Ta aje mishi hura, ya komo ya sha."

Baba ya daɗe riƙe da lomarsa. Ya dai tafi Birni, amma bai sayar da fadamar ba, aronta ya ba ƙaninsa. Damina biyu ya yi a bakin titi, ya dawo da tari da jajayen idanu. Inna ba ta tayar da zancen ba ko sau ɗaya.

Na girma ina zaton faɗa ta yi masa a fakaice. Sai ranar da ɗana ya ce zai bar gida neman abinci, na buɗe baki zan hana shi, na gane. Inna ta san Baba zai tafi. So take ya tafi da sanin cewa ba sai ya yi arziki zai dawo ba.